Rasuwar Mai Haƙuri, tirelar kwale-kwalen Manzo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Malam Manzo masunci na birnin Tawa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tirelarsa, amalanken ƙarfe mai taya biyu, wadda aka fi sani da Mai Haƙuri. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar Agadas, tana ɗauke da kwale-kwalensa, saura tafiyar rabin awa a ƙafa su kai bakin tabkin Tabalak.

Marigayiya ta yi shekara ashirin da biyu tana goyon jirgin ruwa a garin da yawancin mutanensa ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. An yi mata dariya a tasha, an yi mata a kasuwar dabbobi, ba ta taɓa tankawa ba. Ba ta shan mai, ba ta cin dusa. Maganarta ɗaya ce, ƙiiƙi-ƙiiƙi, kuma da ita Balkisu matar Manzo take sanin maigida ya shigo unguwa, ta ɗora tukunya.

Ciwon ajalinta ya daɗe a jikinta. Sandar ƙarfen da ƙafafunta ke juyawa a kai ta cinye daga baki, har ƙafar hagu ta koma rangaji kamar haƙorin tsohuwa. Shekara biyu tana kwance gindin bishiyar bedi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da an bar ta, da ta ƙarasa kwanakinta cikin mutunci. Sai ga shi bana gonar Manzo ta garin Kalfu ba ta ba da abin kirki ba, rumbu ya tsaya a rabi, bakuna tara suna jira. Kifin Tabalak kaɗai ya rage, ruwan kuwa kullum ja da baya yake yi. Manzo ya dubi majinyaciya, ya ga ba makawa sai ta tashi.

Aka kai ta wurin Attahir mai walda, wanda duk ƙasar Adar an shaida ba shi da na biyu a gyaran amalanken jaki. Ya cike inda ya cinye da walda, ya goge da magagari, ya auna da ido. Ɗan gibin da ya rage ya naɗe shi da yankin gwangwanin tumatir, kamar yadda yake yi wa kowane amalanke shekara da shekaru, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Iyalan marigayiya ba su riƙe shi a zuci ba. Aikinsa ya yi kyau. Abin da ya faru kawai shi ne, Attahir ya yi gyaran da saurin jaki a ransa, Manzo kuma bai ga dalilin faɗa masa cewa motar kasuwa ce za ta ja ta ba. A ganinsa ai kowa ya sani.

Ranar tafiya, Mai Haƙuri ta yi shiru. Karon farko a rayuwarta ba ƙiiƙi ba ƙiiƙi. Manzo yana gaban mota yana murmushi, ya ɗauka lafiya ce ta samu. Can sai ya ga wata taya ta wuce su a guje, ita kaɗai, ta nufi daji. Har ya fara tausaya wa mai ita. Sannan ya ji kalmar marigayiya ta ƙarshe, ƙararas, ta durƙusa a gefen kwalta. Ko a wannan hali ba ta yar da goyonta ba. Manzo ya sauka ya dafa ta, ƙarfen da zafi kamar mai zazzaɓi, ya yi hawaye a gaban fasinjoji bai ji kunya ba.

Ta rasu ta bar maraya ɗaya, kwale-kwale, wanda bai iya tafiyar ƙasa ba. Ta bar taya ta dama, da igiya, da komar kamun kifi sabuwar ɗinki. Ta hagu har yanzu ana cigiyarta, wani makiyayi ya ce ya gan ta ta yi arewa.

Za a yi jana'iza jibi Jumma'a bayan an sauko masallaci, a inda ta faɗi. Gawar ba ta bukatar masu ɗauka, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun yi alkawarin zuwa da kansu. Ba za a yi zaman makoki ba, domin ruwa ba ya jiran sadakar uku. Wanda duk ya taɓa cin kifin Manzo, ko ya taɓa yi wa marigayiya dariya, ana roƙonsa ya halarta. A bar babbar riga a gida. Kowa ya zo da gammonsa, akwai maraya da za a kai bakin ruwa.