'Yar Farin Hure Ba Ta Cikin Takarda

Jiya na kwashe awa uku a layin mai a Anka kafin in samu lita biyu. Ina fitowa maƙwabcina Sambo ya tare ni, wai in taimaka mu kai 'yarsa Muhsina wurin masu binciken gubar dalma. Kwana huɗu yarinyar tana ciwon ciki, ko fura ba ta sha. Na goya su a babur muka tafi. Mai riƙe da takarda ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce babu wata Muhsina a gidan Sambo, kuma wanda ba ya cikin takarda ba a ɗibar jininsa sai da izini daga sama. Ga yarinya tsaye a gabansa dafe da ciki.

Ku ji yadda aka yi. Cibiyar binciken tana da baƙi daga ƙasashen waje, cikinsu har da wata likita da matan ƙauyenmu suka raɗa wa suna Asma. Watan jiya ta bi gida-gida tana rubuta sunayen yara. Da 'yar Hausarta ta ce wa Hure, matar Sambo, ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Hure ta faɗi uku, ta sunkuyar da kai. Kowa a nan ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko da a gaban alƙali ne. Asma ta rubuta uku, ta yi godiya, ta wuce.

Da Sambo ya yi wa Hure faɗa daga baya, cewa ta yi, “Ni in hwaɗi sunanta da bakina? Ai da ta tambayi Inna kakar yaran, ga ta nan zamne bakin murhu, ko gaisuwa ba su gama ba sunka hiddo takarda.”

Ban ga laifin Hure ba, ban ga na Asma ba. Manyanmu, Allah ya ƙara musu ƙiba, sun kafa Kwamitin Koya wa Baƙi Harshen Gida. Mai Girma Shugaban Kwamiti, gatan Hausa, ya kwashi baƙin zuwa otal a birni, aka yi bitar kwana biyu da Turanci zalla. Aka koya musu “sannu da aiki” da sunayen ranakun mako, aka raba jaka da hula, kowa ya dawo da takardar shaidar ya ƙware. Zaliha, tsohuwar ungozoma daga Bukkuyum, ta roƙi a bar ta ta riƙa zama da su ranar Laraba, ta nuna musu yadda ake shiga gidan mutane da wanda ake tambaya me. Aka ce ba ta da digiri.

To jiyan, hayaniyarmu da mai takarda ce ta fito da Asma. Na yi mata bayani, rabi da baki rabi da hannu.

Ta ce, “Duk gidaje haka?”

Na ce, “Duk.”

Sai da ta ba ni tausayi. Ba ta jira izinin kowa ba, ta ɗebi jinin Muhsina, na'ura ta nuna gubar ta yi yawa, nan take aka fara ba ta magani. Ta kuma ce a nemo mata Zaliha, su sake zagaya ƙauyen tare.

A hanyar dawowa ni da Sambo muka riƙa tuno gidaje. A unguwarmu kaɗai 'yan fari tara ne, kuma su ne suka fi daɗewa suna wasa a wurin niƙan dutsen zinariya, inda gubar take fitowa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da yamma na ji Mai Girma a rediyo yana yi wa jama'a albishir cewa an duba kowane yaro, babu wanda aka tsallake. Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe. Waɗannan taran, a ofis ba a riga an haife su ba.