Rasuwar Ido Ɗaya, Akwatin Kama Tashoshi na Falon Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu daban wanda ba baƙin ciki ba ne, ni Yayan Auta, a madadin kaina da duk wanda ya rage a ƙasan benen gidanmu, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar akwatinmu na kama tashoshi, wanda yara suka raɗa wa suna Ido Ɗaya saboda 'yar koriyar fitilar da ke goshinsa. Ya cika ranar Talata da yamma a kan kantar da ke ƙarƙashin talabijin, inda ya yi duk rayuwarsa. Ba kowa a kansa sai ni. Sauran mutanen gidan suna sama, a falon ƙanena Auta, ana ta shewa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙi ne ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba. Waya ɗaya ta haɗa shi da eriyar da na ɗaure a kan rufi, ɗaya kuma da na'urar intanet ɗin gida. Aikinsa ya kamo tashoshin da ke yawo a iska kyauta, ya raba wa talabijin ɗin falo da wayoyin mutanen gida, ya kuma ɗauki duk shirin da aka ba shi amana ya ajiye a faifai. Bai taɓa neman kuɗin wata ba. Bai taɓa ɗauke mana hoto ana tsakiyar ƙwallo don a je a biya shi ba, kamar yadda wasu na'urorin suke yi. Ba zan kama suna ba tunda makoki ake, amma farantinsu na tauraron ɗan adam yana nan maƙale a barandar sama, ya tare mini rabin hasken taga.

Marigayin mai kawaici ne. Iyakar maganarsa biyu: “ƙirrr” a hankali idan ya fara ɗauka, da “tsik” idan ya gama. Da shi uwargida take kallon labarai a waya tana wanke-wanke a kicin. Da shi babban ɗana yake kallon ƙwallo a ƙarƙashin bargo, yana tsammanin ban sani ba. Maƙwabcinmu mai gyaran babur ya sha tsare ni a ƙofar gida yana roƙon a ɗaukar masa dambe, ni kuma in ce zan duba, kamar wani shugaban gidan talabijin.

Amma babban alherin da ya yi, a kan Inna ya yi shi. Mahaifiyarmu kunnenta ya yi nauyi, kuma akwai wasan kwaikwayon da take mutuwar so, wanda ake nunawa da rana lokacin ina sito ina fama da buhunan siminti. Ido Ɗaya sai ya ɗauka ya ajiye. Bayan magariba in zauna a ƙasa kusa da kujerarta, rimot a hannuna. Da an yi maganar da ta wuce ta, sai ta dafa gwiwata ta ce, “Me ya ce mata?” In tsayar da hoton, in maida baya, in faɗa mata da ƙarfi, in ƙara da nawa gishirin. Idan attajirin wasan ya ce zai yi tunani, ni sai in ce mata ya ce aljihunsa ne yake ciwon kai. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Wasan rabin awa mukan kai shi har isha'i, don a tsakani takan tuna wani abu na marigayi Baba, ko na lokacin da nake rarrafe, ta ba ni labari hoton yana tsaye yana jiranmu.

Sai wanda yake ɗan fari ne zai gane abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, na yarda kunya ce. Amma tun da aka haifi wancan yaron na zama Yayan Auta, kamar rakiyarsa na zo duniya. Shi ake ajiye wa tsoka, shi ake tambaya ko ya iso lafiya. Wannan zama na bayan magariba shi ne abu ɗaya da nake da shi wanda ba shi da rabo a ciki. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya, aka tambaye shi abu uku ya ce maƙogwaronsa ya bushe, ya tashi.

Rashin lafiyar marigayin ta soma ne, a nawa ganin, ranar da aka shigo wa Auta da talabijin mai faɗin ƙofa, da lasifika masu sa silin ɗina rawa. Masu ɗauka har bangona suka karce a matattakala, ba wanda ya ce sannu. Yara ne suka fara ƙaura. Uwargida ta biyo baya, wai za ta je gaida matar Auta, gaisuwar da ake tafiya da matashin kai. Inna kaɗai ta tsaya. Ba ma tsayawa kawai ba, sai ta zauna da allura ta ɗinka wa Ido Ɗaya riga ta ƙyallen karammiski mai kauri, da 'yan tuntaye a gefe, ta rufe shi ruf, ta bar masa rami ɗaya na ido. Ta ce sanyi yake ji shi kaɗai a kan kantar nan.

Mai gyaran da na kira daga baya ya ce rigar ce ta toshe 'yan ramukan da yake shan iska, zafi ya dafa shi daga ciki. Na ce masa ya tsaya a kan sukundirebarsa, kada ya shiga maganar iyali. Rabon da Inna ta ɗinka wani abu don ni tun wandon makaranta. Na'urar Auta, da duk tsadarta, tsirara take zaune har yau. Wannan rigar ce zan cire don wani ya ce iska? Ni dai abin da na sani, baƙin ciki ne ya kwantar da shi. Ya yi ta ɗaukar ƙwallo da labarai ba mai kallo, kamar mai dafa abinci ana ci a maƙwabta.

Jikinsa ya fara zafi, hoto ya riƙa tsayawa yana farfashewa. “Ƙirrr” ɗinsa ta koma “ƙar-ƙar-ƙar” kamar mai tari. Sai wata yamma, ana dab da bayyana wanda ya sace takardar gona a wasan, hoton ya yanke. Inna ta dafa gwiwata, na yi ta danna rimot a banza. Auta, wanda Allah ya kawo shi neman caja a daidai lokacin, ya ce ai nasu yana maimaita wasan yanzun nan. Inna ta miƙe. Gwiwoyin da na yi shekaru ina saya wa man shafawa, gwiwoyin da ba sa iya tsallake dokin ƙofa sai da salati, ina kallo suka hau bene Auta yana riƙe da hannunta. Washegari ma suka hau. A rana ta uku ba ta ma jira a riƙe ta ba.

Ranar Talata koriyar fitilar ta koma ja, ta ƙifta, ya ce “tsik” ba tare da ya ɗauki komai ba. Na cire filogi na mayar, na hura masa iska da baki, na kira shi da sunansa. Shiru.

Ya rasu ya bar eriya ɗaya a kan rufi, tana ta nuna gabas ba ta san an yi rashi ba. Ya bar faifai cike da wasan Inna, da rimot wanda maɓallin maida baya ya goge don dannawa. Ya bar ni.

Ina godiya ga waɗanda suka riga suka zo gaisuwa. Uwargida ta ce Allah ya ba ni haƙuri, idonta yana kan agogo. Auta ya sauko da kansa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa ya ce in hau mana, akwai wuri a babbar kujera kusa da Inna, an ma ajiye mini. Da da gatse ya faɗa, da na ji sanyi a raina. Har zuciyarsa ya faɗa, kuma wannan ne yake ƙona ni. Yaron nan bai taɓa yi mini laifin da zan kai ƙara ba, komai zuwa masa yake yi yana zaune. Kishi nake yi, na faɗa a rubuce, wanda zai yi dariya ya yi. Idan na hau can, baƙo nake a falon ƙanena, ga lasifika tana yi wa Inna aikin da nake yi. Ita kuwa da ta sauko jiya ta ce yanzu tana jin komai da kunnenta, sai dai 'yan wasan sun rage ban dariya, ko an canja su ne. Na ce mata ƙila. Sannan ta tambaya ko rigar za ta shiga na'urar Auta.

Don haka ga yadda za a yi. Za a sallaci marigayin da kallo na ƙarshe ranar Juma'a, a naɗe shi cikin rigarsa, wadda tasa ce kuma da ita zai tafi, a sa shi a kwalin da ya zo a ciki, a kai shi makwancinsa a ƙarƙashin gadona. Ba a yarda mai gyara ya ciri ko sukuru ɗaya ba.

Zaman karɓar gaisuwa a falon ƙasa ne, kullum bayan magariba. Ana roƙon masu zuwa su shigo ta ƙofar ƙasa su zauna a ƙasa. Za ku ji kiɗan wasan daga sama, za ku ji dariya, silin ma zai motsa. Wanda ya ga ba zai iya daurewa ba ya hau, ba zan riƙe shi a zuciya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Idan ya ga Inna ta miƙa hannu gefenta tana lalube, ta juya tana neman wanda za ta tambaya, ya leƙo ya kira ni. Ba sai ya ɗaga murya ba, ina bakin matattakala.