Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Shafi da Shagon Intanet Ba Tare da Ƙafarka ta Taɓa Ruwa Ba

Ɗan'uwa, in ka gama karatu ka dawo gida Haɗejiya da takardar digiri a cikin leda, kuma mahaifinka masunci ne, to ka san irin kallon da ake yi maka kowace asuba: kallon lafiyayyen ƙato mai hannu biyu yana kwance, alhali kwalekwale na bakin kogi ba mai tuƙi. Wannan jagora naka ne. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin damina za ta zo ta wuce, ruwa ya cika fadama ya janye, kai kuwa ko ɗan yatsan ƙafarka bai jiƙe ba, ana ma kiranka Injiniya.

Ba da ka nake magana ba, an gwada na gani. Maƙwabcina Muttaka, ɗan Mala Ari masunci, shi ya ɗauki dabarar nan tun daga tushe. Tun ranar da matsattsaku ya maƙale masa a bayan gwiwa yana yaro ya yi hannun riga da kogi, digiri kuma ya zo ya ƙara masa hujja. Da shi za mu riƙa misali. Inda ya yi daidai ka kwaikwaya, inda ya kauce zan ɗaga maka hannu.

Mataki na ɗaya: Samo tambayar da babu mai iya amsa ta a gidanku

Kada ka kuskura ka ce ba za ka shiga ruwa ba. Wannan rashin kunya ce, kuma tana janyo taron dangi. Cewa za ka yi kana so ka kai sana'ar gida intanet, mutanen Legas da Fatakwal su riƙa sayen bandar tarwaɗar Baba daga ɗakunansu. Kowa zai sa albarka. Sai ka sunkuyar da kai ka ce amma fa akwai matsala: hanyoyin biyu ne, kuma wanda ya yi gaggawar zaɓe ya kashe sana'ar.

Ga su nan, don kada a ritsa ka. Akwai manhajar gina shafi: ka jera hotuna, ka rubuta tarihin gidanku, ka sa lambar waya, mutum ya shigo ya kalla ya ce masha Allahu ya fita. Akwai kuma dandalin shago: mutum ya shigo ya zaɓi kaya, ya jefa a kwando, ya biya, ya zauna yana jiran a kawo masa. Mai hankali zai bambance su kafin shayinsa ya huce. Kai ba hankali ka zo nema ba, lokaci ka zo nema.

Da Muttaka ya gama wannan bayani, Mala Ari ya ci gaba da ɗinkin komarsa, ragar da yake kamun kifi da ita, ya ce, “To. Ka zaɓa a tsanake. Amma ruwa na fara janyewa kifi zai taru, ni kuma hannu nake buƙata. In lokacin ya yi intanet ɗin bai tashi ba, sai mu tafi tare.”

Ka ji wa'adi ke nan. Duk abin da zai biyo baya, yaƙi ne da wannan magana.

Mataki na biyu: Kafa ofis inda kowa zai gan ka

Aikin da ba a gani ba, zaman banza ne. Fito da tebur ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ɗora kwamfuta, toshe kunne ɗaya da abin sauraro ko da babu abin da kake ji. Buɗe shafuka da yawa har sunayensu su daina karantuwa. Lokaci-lokaci ka ja tsaki, ka dafe goshi, ka ce “Kai, Turawan nan!” da ƙarfin da zai kai cikin gida.

In an tambaye ka ina aka kwana, amsa ɗaya ce: “Muna kan nazari.” Kada ka taɓa cewa “ina”. Mutum ɗaya ana iya aikensa cefane, amma ba a aiken kwamiti.

Ranar da aka ɗauke wuta, Allah ne ya ba ka hutu. Ranar da sabis ya yi rauni, nuna wa kowa wayarka su shaida.

Mataki na uku: Yi wa tsoho bayani, amma kada ya gane

Nan Muttaka ya fara tuntuɓe. Son a san ya iya ya ɗebe shi, ya ce, “Baba, abin mai sauƙi ne. Shafi kamar allon sanarwa ne a bakin titi. Shago kuwa rumfa ce a kasuwa.”

Mala Ari ya ce, “A allon ana sayar da kifi?”

“A'a, Baba, kallo kawai ake yi.”

“To rumfar nake so.”

Subhanallahi! Nazarin da aka tsara zai ci damina guda, tsoho ya kashe shi da numfashi ɗaya. Darasi: duk misalin da mahaifinka zai iya fahimta, makami ne ka miƙa masa. In ka ji bakinka na shirin cewa “abin mai sauƙi ne”, tura masa lomar tuwo.

Mataki na huɗu: Bar al'adar gidanku ta yi maka faɗan

Sa'ar Muttaka ɗaya, dandalin shago ba ya buɗuwa sai an cike masa wasu gurabe, kuma kowane gurbi tsokana ne ga masunci.

Ya juyo da kwamfutar ya ce, “Baba, sun ce a rubuta farashi ɗaya, na kowa da kowa.”

“Na kowa da kowa? Da mai takalmin fata da matar da mijinta ya rasu?”

“Haka tsarin yake.”

“Ina wurin da zan ce albarka, shi ya ƙara? Ina wurin gyara?”

“Babu, Baba. Sannan sun ce a faɗi yawan kifin da muke da shi.”

Tsohon ya ajiye allurar ɗinkin komar. Tun da ya tashi bai taɓa faɗa wa ko ƙaninsa yawan abin da ya kama ba. In ya cika kwalekwale sai ya ce an ɗan taɓa, in ya dawo da na miya sai ya ce an gode Allah. Yanzu a ce ya shelanta wa duniya, har da masu baki?

“Kuma, Baba, sai an rubuta ranar da kayan za su isa.”

“Rubuta in Allah ya yarda.”

“Gurbin lamba kawai yake karɓa.”

Mala Ari ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce a dai ƙara nazari. Ka ga gwaninta? Yanzu ba kai ke jan ƙafa ba, shi ne. Wannan mataki kaɗai ya kai Muttaka har lokacin da shinkafar fadama ta fara fitar da kai.

Mataki na biyar: Juya kujerarka ta kalli bango

Wannan gajere ne, amma kada ka raina shi. Da hantsi tsohon zai dawo daga ruwa. Kada ka ɗaga kai.

Muttaka ya ɗaga. Ya ga mahaifinsa ya taho wando a jiƙe har ƙugu, ƙwaurinsa duk yankan kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa har sai mutum ya sauka ya tura kwalekwale da ƙirji. Ya ga ya tsaya a bakin zaure ya dafa bango kafin ya iya ɗaga ƙafa ya haye dokin ƙofa. Tsohon ya ce, “Sannu da aiki, Injiniya,” ya wuce.

Tausayi ya kama Muttaka, kunya ta biyo baya, ranar ko tsakin kirki bai iya ja ba. Ka kiyayi tausayi, ɗan'uwa. Ya rusa ofisoshin ƙarƙashin bishiya fiye da ruwan sama.

Mataki na shida: In za ka yi gwaji, gwada wanda ba ya aiki

Ruwa ya fara janyewa, wa'adi ya matso, dole a nuna wani abu. A nan gwani yake zaɓar shafi. Shafi lafiya ne: babu kwando, babu biya, babu mai jiran kaya. Za ka iya shekara kana sauya masa launi.

Muttaka kuwa, ga tausayin jiya bai sake shi ba, ga wayo ya yi masa yawa, sai ya ce bari ya buɗe shagon na gwaji, in aka kwana biyu ba wanda ya leƙo, ya nuna wa Baba cewa laifin kasuwa ne. Ya raɗa masa suna Injiniya Muttaka Ari da Mahaifinsa. Ya manna hotonsa na bikin kammala karatu, da hula mai tuntu. Farashi ya ƙirƙira. A gurbin yawan kaya, tunda Baba ya hana faɗa, ya danna “ba iyaka”. Ranar isowa ya zaɓi mafi kusa don ya wuce wurin. A ƙarƙashin hoton tarwaɗar kuma ya rubuta abin da ya saba ji a gida: “Sai abin da ruwa ya bayar.”

Ana haka Gwaggo 'Yar'azumi, yayar Mala Ari, wadda ita ke banda kifin gidan, ta fito tana fifita idanu saboda hayaƙi. Ta leƙa ta ce, “Kai, ɗan nan, wannan ba tarwaɗata ba ce? Ta yi kyau a hoto kamar amarya. Tura wa Zara ta gani.”

Zara 'yarta ce, tana aure a Abuja. Ɗan'uwa, ga hannuna na ɗaga: kada ka tura. Zara tana cikin wani zauren waya na 'yan Haɗejiya mazauna nesa, mutanen da suka shekara suna cin kifin kankara suna ƙunƙuni. Muttaka ya tura.

Mataki na bakwai: In wayar ta fara ƙara

Kafin la'asar wayar ta yi ƙara. Ya zaci saƙon kamfanin layi ne. Ta sake yi. Wata a Kaduna tana son kwali guda, ta ce rubutun nan na ƙarƙashin hoton ya tuna mata da kakanta har ta yi hawaye. Wani a Legas ya ce a zaɓo masa masu mai, irin na wajen Kirikasamma. Shagon kuwa, tunda an ce masa ba iyaka, bai hana kowa ba. Karɓa kawai yake yi yana godiya da sunan Muttaka.

Kifin da ke kan ragar ƙarfen da Gwaggo ke banda a kai a ranar bai wuce na kwali biyu ba.

Muttaka ya tarar da mahaifinsa yana alwala. Ya durƙusa ya yi bayani.

Mala Ari ya ce, “Sun biya?”

“Sun biya, Baba.”

“Kafin su ga kifin?”

“E.”

“Kifin yana ina?”

Muttaka ya nuna gabas da haɓa, wajen kogi.

“Inna lillahi. Tun ina yaro nake jin malamai na hana sayar da kifin da ke cikin ruwa, ashe a gidana za a yi, da kwamfuta.” Ya ƙarasa wanke ƙafarsa. “To, haƙƙin mutane dai ba ya kwana. Ni ban yi wa kowa alƙawari ba. Sunan wa ke kan rumfar?”

“Akwai naku a ciki, Baba.”

“Karanta mini.”

“Injiniya Muttaka Ari... da Mahaifinsa.”

“Madalla. Ni rakiya na yi.”

Akwai madannin mayar wa kowa abinsa a ba shi haƙuri, kuma a matsayina na masani shi zan ce ka danna. Muttaka ya ɗora yatsa a kai. Sai ya tuna hotonsa da hula mai tuntu yana yawo a wayar duk wani ɗan Haɗejiya daga nan har bakin teku, ya tuna matar Kaduna da kakanta, ya kuma kalli ƙwaurin tsohon da ke gabansa. Ya janye yatsan.

Mataki na takwas: Yadda ake riƙe filafili

Filafili dai shi ne icen tuƙa kwalekwale: hannu ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya. Kada ka miƙe tsaye. In an iso kacalla, sauka za ka yi ka tura, kuma kada ka duba bayan gwiwarka sai an fito.

Da asuba na ga wucewarsu. Gwaggo 'Yar'azumi ta rako su har ƙofa tana cewa, “A dawo lafiya, Injiniya, a gaishe da intanet!” Wayar tana ƙulle a cikin ledar nan da ta taɓa ɗaukar takardar digiri, a rataye a wuyansa. Masuntan da suka dawo da hantsi sun ce sun hango su a fadama: tsohon a zaune a gaban kwalekwale ya miƙe ƙafafu, karon farko da suka gan shi wandonsa a bushe, ɗan kuma cikin ruwa har ƙirji yana turi. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai tsohon ya ce, ko waiwayowa ba ya yi, “Wani ya ƙara saye. Tura, Injiniya.”

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da shi, kama daga cizon matsattsaku, yankan kacalla, kanta a tafin hannu, har zuwa albarkar iyaye da ka iya sauka a kan mutum ba shiri. Tabbacin da aka bayar a sama na wanda ya zaɓi shafi ne kawai. Wanda ya buɗe shago, kuma shagon ya yi aiki, shi ya jiyo. Masu ƙorafi su same ni ƙarƙashin darbejiya. Teburin Muttaka ba kowa a kai yanzu, ni nake zama.