Sanarwar Rasuwar Hagu, Takalmin Nutso na Kabon

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da har yau bai huce ba, ni Injiniya Saifuddeen Dikko nake sanar da 'yan uwa Hausawa mazauna Doha rasuwar Hagu, ɗaya daga cikin tagwayen takalman nutsona na kabon, wato sinadarin nan mai tsada marar nauyi, dogayen nan da marasa ilimi ke kira ƙafar agwagwa. Ya rasu da hantsin Juma'ar da ta wuce waccan, a ƙasan teku, mita goma sha uku daga saman ruwa, gabas da garin Wakra. Wata tara kacal ya yi a duniya. Ba tsufa ne ya ɗauke shi ba. Karya shi aka yi, kuma wanda ya karya shi yana nan yana yawo a unguwar Mansura, ana miƙa masa hannu ana sa masa albarka.

Ga waɗanda iyakar saninsu da kifi ita ce faranti, bari in yi bayani. Mu masu farautar kifi da bindigar mashi, numfashi ɗaya muke ja mu nutse, babu tulun iska a baya. Dokar abin guda ce: ba a shiga mutum ɗaya. In ɗaya ya sauka, ɗaya na sama yana kallonsa har ya fito. Shekara uku Baballe ne idona a sama. Direba ne, ɗan masuntan Yawuri, yana kwana ɗaki ɗaya da ƙarti bakwai a Mansura. Duk Doha ban samu wani Bahaushen da zai tashi da asubar Juma'a ya bi ni teku ba, don manyanmu ko ruwan wanka sai an ɗumama musu. Mako guda nake yi a ofis ina rusuna wa yaran da na girme su, kuma minti ɗaya da rabin da nake yi a ƙasan ruwa shi kaɗai ne lokacin da babu mai kirana. In babu Baballe babu teku. Na san haka, shi ma ya sani, ina jin shi ya sa kansa ya kumbura.

Marigayi ya shigo hannuna ne a wani shagon kayan nutso, kuma ina so a rubuta yadda aka zaɓe shi, don na ji ana ta ƙananan maganganu. Iri uku aka shimfiɗa mini a kan teburi: mai laushi, matsakaici, da mai tauri. Mai shagon ya tambayi nauyina da zurfin da nake kaiwa, ya dubi ƙwaurina, ya dubi tumbina, sannan ya turo mini mai laushi. Wai mai tauri na masu ƙarfin cinya ne, wanda bai saba ba zai gaji tun bai kai ƙasa ba. A gaban Baballe ya faɗi wannan. Shi kuma gogan naku, maimakon ya kama bakinsa, sai ya lanƙwasa mai laushin a hannu ya ce gaskiyar mutumin ce. Ni da na koyi iyo ina da shekara arba'in a kwamin otal, da kuɗina, ba zan tsaya direba da mai shago su haɗu su auna mini ƙafa ba. Na ɗauki mai tauri, na ce khalas, magana ta ƙare, a naɗe. Ban yi nadama ba a lokacin, kuma ba zan yi ta yanzu don wani ya ji daɗi ba.

Marigayi baƙi ne wuluk, mai sheƙi, dogo har ya kusa kai mini ƙugu in na tsayar da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. In ka lanƙwasa shi ka saki, sai ya ce fiu, sau ɗaya, da natsuwa, ba irin faf-faf ɗin na roba ba. Mai kamun kai ne ƙwarai. Bai taɓa taka ƙasa ba, bai taɓa kwana a bayan mota cikin zafi ba, kuma duk dawowarmu sai na yi masa wanka da ruwan daɗi na shanya shi a inuwa. Gaskiya ne tun zuwansa jijiyar ƙwaurina ke ɗaurewa, gaskiya ne kuma a wata taran nan kifi huɗu muka kama ni da shi, alhali Baballe da tsofaffin takalman robar da na ba shi sadaka yakan cika buhu kafin rana ta yi zafi. Amma marigayi ba don kamun kifi kawai aka yi shi ba. Wanda duk ya gan mu a bakin jirgi ya san wane ne injiniya, wane ne direba.

Ya rasu ya bar ɗan tagwaicinsa, Dama, wanda ke jingine a bango lafiyarsa ƙalau amma ba shi da sauran amfani, don mai takalmi ɗaya zagaye kawai zai yi ta yi a ruwa. Ya bar bindigar mashi, da tabarau, da bel ɗin darma, da doguwar jakarsa da yanzu ta yi wa Dama yawa. Ya kuma bar matata Fiddausi, wadda nake sa sunanta a nan don cika ƙa'ida kawai. Ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Sau biyu na kama ta tana fifita garwashin turaren wuta da shi. Ranar da aka kawo labari ta yi kuka har da shessheƙa, na ɗauka zuciyarta ce ta yi laushi, ashe wai ni take yi wa.

Ga yadda jinyar ƙarshe ta kasance. Na hango hamur, wato ƙaton kifin nan mai faɗin baki da ke fakewa a duwatsu, na ja numfashi na bi shi ƙasa. A gefen dutsen akwai wani tsohon gargur, kejin waya da masuntan ƙasar nan ke dasawa, an yar da shi ya yi tsatsa. Ina juyawa sai Hagu ya zura kansa cikin wayar ya maƙale. Abin da ya kamata shi ne in sunkuya in zare ƙafata. A daidai lokacin ƙwaurina ya ɗaure tamau, na kasa ko lanƙwasa gwiwa. Masu surutu sun ce taurin marigayi ne ya jawo. Ni na ce sanyin ruwa ne, ko da yake a watan Satumba muke. Na ja, na sake ja, ƙirjina ya fara bugun kansa, hasken sama ya yi mini nisa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na tuna ban yi wa Fiddausi sallama da safen ba.

Sai ga Baballe. Ya ja wayar ta ƙi, ya ja dugadugina ya ƙi fita. Mai hankali zai tsaya ya yi nazari. Shi kuwa gwiwa ya ɗora a kan marigayi, ya kama ƙwaurina da hannu biyu ya banƙare. Maganar marigayi ta ƙarshe ita ce ƙas. A cikin ruwa ma na ji ta har cikin haƙorana. Daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi a cikin jirgi, direban nan yana marina hagu da dama yana kiran “Saifu, Saifu,” gatsau, babu Injiniya babu ranka ya daɗe, majina na zuba daga hancinsa. A gaban matuƙin jirgi. Ina so a san cewa ban manta da marin ba.

Washegari bayan la'asar gidana ya cika. Barka da arziki aka zo yi. Fiddausi ta soya waina kamar ana suna, ta aika aka ɗauko Baballe, ta zaunar da shi a kujerar da nake zama. Duk wanda ya shigo sai ya ce mini barka a tsaitsaye, ya wuce ya riƙe hannun Baballe da hannu biyu. Mutanen da ko sunansa ba su sani ba jiya, yau suna tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa. Shi kuma yana sunkuyar da kai, da rigarsa guda ta zuwa masallaci, yana cewa ikon Allah ne. Na zauna ina kallo. Dakta Uwais, likitan da ya duba ƙirjina, shi ya ƙarasa ni. Ya ce jama'a su yi shiru, Injiniya na da kalma ɗaya da zai faɗa wa ɗan uwansa.

Na miƙe na faɗa. Na ce ni ban ga abin barka ba a gidan da aka yi rashi. Na ce da ya bar ni daƙiƙa biyar da na zare ƙafata da kaina. Na ce mutumin da ya saba da roba ba zai san darajar kabon ba, kuma hannun da ya saba da sitiyarin motar wani bai iya komai ba sai fizga. Na ce tun ranar shago yake jin haushin marigayi, ya samu dama ya huce. Baballe ya ajiye wainar da ke hannunsa, ya goge yatsunsa, ya tashi.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “ku biyu na tarar a ƙasa, kuma numfashin ɗauko ɗaya gare ni. A yi haƙuri da wanda na zaɓa.”

Ya sa takalminsa ya fita. Baƙin suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, marasa kunya, wasu har da guzurin waina.

An jinkirta wannan sanarwa ne saboda babu gawa, rabin marigayi na can cikin gargur. Jiya Juma'a mai gadin gidanmu ya hawo mini da ƙunshi. Rabin Hagun nan ne, an wanke shi da ruwan daɗi, an naɗe shi a farin ƙyalle. Tare da shi akwai takalman robar nan, da tsohon tabarau, da wuƙa, duk abin da na taɓa ba Baballe, ba abin da ya rage. Matuƙin jirgi ya gaya mini Baballe shi kaɗai ya sauka ɗauko shi, sau uku, babu kowa a sama yana kallonsa. Da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna. Na kira lambarsa. Tana shiga, ba a ɗagawa. Na kira har sau tara, kuma ina so a san cewa don in yi masa faɗan karya doka ne.

Jana'iza kuwa ga yadda aka tsara. Ba za a yi salla ba, domin limamin da na tuntuɓa ya ce in ji tsoron Allah. Za a binne marigayi ranar Juma'a mai zuwa a saman kabad ɗin ɗakin ajiya, bayan akwatunan Fiddausi. Za a binne Dama da ransa tare da ɗan uwansa, haka ma bindiga da tabarau da darma, tunda na zagaya unguwannin Mansura da Al Asmakh ban samu wanda ya yarda ya tsaya mini a sama ba. Labari ya riga ni zuwa ko'ina. Ba a buƙatar masu rakiya, ba a buƙatar waina. Daga nan za a riƙa karɓar gaisuwa a gida kowace Juma'a, tun daga asuba har lokacin masallaci, domin mai makoki ba shi da inda za shi.