Rasuwar Malam Ɗigau, Famfon Maganin Ruwa na Galtimari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban yi niyyar ɓoyewa ba, ni Ba'ana Gana, mai kula da rijiyar burtsatse ta Galtimari, ina sanar da rasuwar Malam Ɗigau, ɗan ƙaramin famfon da ke ɗiga kulorin a tankinmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo shi shekarar da 'yan gudun hijira suka cika mana unguwa. Marigayin mai kunya ne, bai taɓa taɓa magani da jikinsa ba. 'Yan tayoyi uku gare shi, suna juyawa suna matsa tiyo mai laushi kamar mai tatsar akuya, tik, tik, tik. Kowace safiya sai in tara kofin awo in duba agogo: mililita talatin a minti. Shekara uku bai yi mini ƙarya ba.

Jinyarsa ta fara ne da tsagewar tiyo. Sabon tiyo sai a Kano, hanyar Damaturu da ake bi kuwa an rufe ta. Ina unguwar Limanti wajen ta'aziyya sai shugaban kwamitin rijiya, Alhaji Bala, ya kira Garzali bakaniken keke napep. Wai tiyo ai tiyo ne. Suka cusa masa tiyon fetur, mai tauri, raminsa ninki biyu, suka bar maɓallin gudu a kan lamba huɗu, tunda a nan suka same shi.

Alhaji, sau nawa na faɗa maka? Lambar nan saurin juyawa ce kawai. Yawan abin da ke fita yana ga faɗin ramin tiyo. Ka ninka faɗin rami sau biyu, magani ya ninku sau huɗu. Ko kofin awon ba ku ɗauka ba, ga shi nan rataye a ƙusa!

Kwana uku marigayin yana nishi, gurr, gurr, yana matsar abin da ya fi ƙarfinsa. Ruwa ya yi warin da ko shayi ba ya shawuwa, mata suka koma kududdufi da jarkokinsu. Ranar Laraba da hantsi ya yi hayaƙi, ya cika.

Ya bar tanki ɗaya, kawunan famfo shida, gidaje fiye da ɗari huɗu, ga kuma damina ta shigo. Ya bar Kaltum maƙwabciyata, wadda tun jiya take zaune a tantin masu amai da gudawa, 'yarta Siddiƙa na kwance ana ƙara mata ruwa. Allah Ya tashi kafaɗunta. Ni dai ban yafe ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar a gindin tanki. Alhaji Bala da Garzali ne za su ɗauki makara. Masu zuwa gaisuwa kowa ya taho da tafasasshen ruwansa daga gida, don ba mu da wanda za mu ba ku.