Kaskar da Ta Raka Ni Gaisuwar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je gaida surukaina ba, don ranar ce wata 'yar kaska ta tona min asiri a gaban dattawa huɗu.

Asalin abin, ɗan kwikwiyo na tsinta. Ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a hanyar Zango, ruwa ya ɗauke, na ji kuka a cikin kwalbati. Tausayi ya kama ni, na naɗe shi a buhu na ɗora a babur. Na sa masa suna Duna, na ɓoye shi a ɗakin ajiya na bayan gidanmu. Me ya sa ɓoyo? Saboda Zulai, wadda nake nema, ta sha gaya min mahaifinta, Alhaji Ilu, ba ya son wasa. Ni kuwa na yanke wa kaina hukunci cewa in ya ji mai neman 'yarsa yana kiwon kare, magana ta mutu.

Kwana uku kafin gaisuwar Duna ya daina cin abinci, sai kwanciya. Na ce kewar uwarsa ce (ni da ilimin kare, kamar makaho da madubi). Ranar Juma'ar ma sai da na ɗauke shi na rarrashe shi a kafaɗa, sannan na zura babbar rigar aro na fesa turare.

Muka isa zauren Alhaji a Daura bayan la'asar, ni da abokina Habu. Alhaji dillalin shanu ne, ya tsufa a kara, wato kasuwar shanu, ga ƙannensa uku sun jeru a tabarma. Na tsuguna, na sunkuyar da kai kamar na Allah. To ashe sunkuyon nan shi ya baje bayan kunnena a fili.

Ana cikin "ya iyali, ya damina", sai Alhaji ya ce, "Malam, matso nan. Kada ka motsa."

Na ɗauka addu'a zai yi min, wallahi har na ɗaga tafin hannu. Sai na ji yatsu biyu a bayan kunnena, ya kama wani abu dab da fata, ya ja a hankali. Ya shimfiɗa a tafinsa. Kaska ce, tana ta wutsil-wutsil da ƙafafu.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Maimakon in yi shiru, bakina ya riga hankalina. "Baba, jiya na taya maƙwabcinmu kama bijiminsa."

Alhaji ya juya kaskar da farce. "Ikon Allah. Kaskar da na saba cire wa shanu babba ce, da zane a bayanta, ƙafafunta ratsi-ratsi. Wannan 'yar ja ce siririya. A tsagar bango take kwana, jikin kare take ci." Ya dube ni. "Bijimin nan naku yana haushi?"

Ƙannen nan suka fashe da dariya, ɗaya har da tari. Habu, amini na ƙwarai, ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Ni dai na ce a raina shi ke nan, Zulai sai a lahira.

Amma Alhaji bai yi dariya ba. Ya jefa kaskar a murfin kwalba, ya sa aka ɗiga mata kananzir, ya ce ba a murtsuke ta da hannu. Sannan ya tambaye ni, "Watansa nawa? Yana cin abinci?"

Na faɗi gaskiya duka, tun daga kwalbati. Yana jin kwana uku bai ci ba sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Tashi mu je. Gaisuwa ba ta mutuwa, shi kuwa zai iya."

Haka na goya surukina a babur, babbar rigata tana kaɗawa. Dattijon nan ya durƙusa a ɗakin ajiyarmu mai ƙura, ya ɗaga leɓen Duna ya nuna min dasashinsa fari fat. "Ka gani? Sun shanye jinin, sun kuma zuba masa cuta." Ya buɗe kunnuwan, ya ware tsakanin yatsun ƙafa, wuraren da ban taɓa tunanin dubawa ba. Kaska jingim. Ya zauna yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kwikwiyon magana a hankali kamar jikansa. Ban taɓa ganin hannu mai sauƙi irin nasa ba, kuma a nan na ji ina ƙaunar mutumin nan har raina.

Don in ɗan farfaɗo da mutuncina na ce gobe zan sayo maganin feshin shanu in yi masa wanka.

"Ka kashe shi ke nan," in ji shi. "Abin da aka auna wa bijimi za ka zuba wa wannan? Ka kai shi wurin malamin dabbobi yanzu, allura yake so. Ka ƙona buhun nan, ka liƙe tsagogin bangon. Kullum da yamma ka duba shi."

Da zan mayar da Alhaji gida na kasa haƙuri, na ce, "Baba, maganar Zulai fa?"

"Wanda ya tsaya cikin taɓo don kukan kwikwiyo ba zai wulaƙanta 'yata ba," ya ce. "Kare don gadi ba laifi ba ne. Ƙaryar ce ban so ba, kuma ba ka ma iya ta ba."

Duna ya tashi, yanzu shi ke gadin gidanmu ni da Zulai, kuma in Alhaji ya yi sallama Duna ya fi murna da shi a kaina. Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya a kan dabba, kada ka yi ta a gaban dillalin shanu. Har yau in ya zo sai ya fara duba kunnen Duna, sannan ya juyo a gaban matata ya ce, "Malam, matso nan."