Tagar da Na Fasa wa Gwamnati

Jama'a, yau da hantsi takardu biyu suka same ni a teburin guga, kuma har yanzu ban san wadda zan fara yi wa kuka ba. Ta farko daga Ofishin Tausaya wa 'Yan Haya take, suna taya ni murna. Ta biyu daga Baba mai gidanmu, ya ba ni wata ɗaya in kwashe komatsaina. Bari in ba ku labari, don kada wani ya bi sawuna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan muna ɗakin ƙurya, ni da uwar yara da 'ya'yanmu uku. Ɗakin ba shi da taga. Wanda ya gina shi buhuna ya yi wa, ba mutane ba. Amma saboda haka ba wanda ya taɓa sa mana ido a kansa, hayarsa ma ba ta tsalle irin ta sauran ɗakunan gidan.

Ana nan sai ga sanarwa, wai Mai Girma Uban Marasa Rufi ya kasa barci saboda tunaninmu, za a riƙa biya wa talaka rabin hayarsa. Na bar dutsen guga ya huce, na bi layi kwana uku. A na ukun na isa gaban wani jami'i mai sanyin murya. Ofishinsa taga huɗu, duk a garƙame saboda na'urar sanyi.

Ya ce, "Ɗakinka taga nawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofa dai muke da ita, amma tana buɗuwa sosai."

Ya ajiye biro, ya dube ni da tausayi. "Gwamnati ba ta tallafa wa ɗakin da bai dace da ɗan Adam ba. Mutuncinku muke karewa."

Kun ji fa. Talaucina ya ci jarrabawa, ɗakina ne ya faɗi.

Da na dawo gida uwar yara ta ce, "Malam, ka bar ɗakin nan yadda muka same shi." Ni kuwa ina, kunnena ya riga ya tafi wajen maƙwabcinmu magini, wanda muke kira Injiniya duk da ba a taɓa ganin bangon da ya gina ya miƙe ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Taga ce kawai? Aikin rabin yini. Ga shi Baba ya yi tafiya, kafin ya dawo har ta saba da gidan."

Ranar Asabar muka sa guduma. Ƙura ta turnuƙe fararen kayan mutane da na goge, sai da na sake wanke su kaf. Da ramin ya buɗe muka leƙa, sai muka yi ido huɗu da bangon gidan baya, tsakaninmu da shi bai fi taki ɗaya ba. Iska ba ta shigo ba, haske ma ya ce yana da uzuri. Sauro ne kaɗai suka zo mana barka, da iyalansu.

Masu dubawa daga ofishin suka zo cikin mota uku, su biyar. Ɗaya ya riƙe kan igiyar awo, ɗaya ya riƙe gindinta, ɗaya yana rubutu, ɗaya yana riƙe wa mai rubutun lema a cikin ɗaki. Na biyar, wanda shi ne babba, ya daɗe yana nazari, sannan ya yanke hukunci: "Taga ce." Saura sa hannun mai gida.

Da Baba ya dawo na shirya shan faɗa. Ya shigo, ya goya hannu a baya, ya tsaya yana kallon ramin nan. Can ya yi murmushi ya ce, "Ashe ɗakin nan ɗaki ne." Ya sa hannu ba gardama, har da sa mini albarka. Na ce wa uwar yara, "To, kin gani?" Sai na ga ta fara tara kwalaye.

Yau na gane me ta gani. Takardar Baba ta ce ƙanin matarsa ya daɗe yana neman ɗaki mai taga. Na ruga ofis, na tambayi mai sanyin murya ko tallafin zai bi ni inda zan koma. Ya ce, "Tallafin na ɗaki ne. Mutum yana tashi, taga ba ta tashi." Wato surukin Baba, mai mota da waya biyu, shi zai ci rabin hayar da na bi wa layi. Kai, tsarin nan ya yi, Allah ya ƙara wa manya basira.

Wasa a gefe, abin ya yi mini ciwo. A ɗakin nan aka haifa mini 'ya'ya uku, kuma da hannuna na fasa shi. Injiniya ya ce in na yarda zai toshe ramin kyauta, muka je muka tarar Baba har ya sa masa labule.

Saboda haka duk wanda ya san wani ɗaki mai duhu, wanda ko surukin mai gida ba zai kalla sau biyu ba, ya neme ni a teburin guga. Uwar yara ta ce wannan karon ita za ta riƙe gudumar, kuma daga yadda take kallona, ba bango ta nufa da ita ba.